Shekarar da Itatuwa Suka Rame

Mutumin da ya yi shekara ashirin da biyu yana rubuta abin da ba haka yake ba, da hannunsa, a cikin kundin ma'aikata, amma ko rana ɗaya bai sani ba, maƙaryaci ne? Na juya wannan tambaya ta gaba, na juya ta ta baya, har yau ban san amsarta ba. Abin da na sani kawai shi ne yadda abin ya faru, daga Litinin zuwa Alhamis.

Ni ma'aikacin gandun daji ne. Ban da takardar firamare ba ni da wata. Duk abin da na iya a daji na tsince shi, ko a bakin mutumin da muke kira Tsoho, Allah ya jiƙansa, ko a tsofaffin littattafan da ofis ke zubarwa, in kwaso in karanta da ƙamus a gefe. A cikin gandunmu akwai wani yanki da ake kira filin awo. Maɗaci arba'in ne a ciki, kowanne da lambarsa a kan ɗan ƙarfe da aka kafa masa da ƙusa. Ba a sare su. Aikinsu ɗaya ne: duk shekara bayan damina a zagaya tef a jikin kowanne, a rubuta kaurinsa. Da wannan rubutu manya suke gane yadda dajin gaba ɗaya yake girma, su yanke cewa yanki kaza ya isa sara bana, yanki kaza sai nan da shekara biyar.

Ba ko'ina ake sa tef ɗin ba. Itace ya fi kauri a gindi, yana sirancewa in an yi sama, saboda haka ƙa'ida ta ce a auna daidai mita ɗaya da santimita talatin daga ƙasa, kowace shekara a wuri guda. Da can akwai zoben jan fenti a jikin kowane itace da ke nuna wurin. Aka daina kawo fenti, ɓawo kuma ya zubar da na da. Abin bai dame ni ba, domin ina da sandata. Ranar da na fara aiki Tsoho ya sare ta, ya auna ta a gabana, ya ce, "Ka jingina ta da itace. Inda kanta ya tsaya, nan ne wurin tef." Tun daga ranar ba mu rabu ba. Da ita nake awo, da ita nake dogarawa a hawa, da ita nake bugun ciyawa saboda maciji. A ofis har an manta da sunana, Mai Sanda ake ce mini.

Cikin 'ya'yana, Auta ce kaɗai ta ɗauko son daji. Sauran in ka ce musu daji, sai su ce maka sauro. Ita kuwa tun tana ƙarama take rarrabe sawun gada da na akuya. Burinta ta shiga kwalejin gandun daji da namun daji, inda ake yaye jami'ai masu takarda, irin waɗanda ke zuwa a mota su tambaye ni hanya. Sau biyu ta nema ba ta samu ba. Bana ne karonta na ƙarshe, domin ba sa ɗaukar wanda ya wuce ashirin da ɗaya, ita kuma watan gobe za ta cika ashirin da biyu. Sai ga shi bana sun buɗe wata ƙofa: duk wanda ya yi wata uku yana aikin sa kai a gandu, ya kawo rahoton awon da ya yi da hannunsa, ɗauke da sa hannun ma'aikacin da ke kula da filin, za a ba shi fifiko. Filin awo nawa ne, sa hannun ma nawa ne. Rahoton kuwa dole ya shiga jakar ofis ranar Alhamis kafin ƙarfe biyu, lokacin da mota ke tashi zuwa hedikwata.

Ranar Litinin da safe Direba ya sauke mu a bakin filin. Shekarunmu goma sha biyar muna aiki tare, kuma bakinsa ba ya hutawa. Ya ce zai jira mu a inuwa. Na zauna a kan kututture da kundin bara a cinyata, don aikin nata ne, ni shaida kawai. Auta ta fito da sabon tef ɗinta da alli. Maimakon ta karɓi sandata, sai ta durƙusa ta kafa bakin tef a ƙasa, ta ja shi sama, ta yi ɗan layi da alli a jikin itacen, sannan ta zagaya.

"Lamba ɗaya," na ce. "Bara ɗari da arba'in da takwas."

"Ɗari da arba'in da biyar, Baba."

"Sassauta tef ɗin. Ba ɗaurin kaya kike yi ba."

Ta sassauta, ta sake dubawa. "Da biyar ɗin ne."

Lamba biyu ya ragu da huɗu. Lamba uku ya ragu da biyu. Itacen da ya kamata ya ƙara santimita biyu ko uku a shekara, ga shi yana komawa baya. Da muka kai na goma, Direba ya taso daga inuwa yana sakace.

"Mai Sanda, yaranka sun rame. Ko ka daina ba su abinci ne?"

"Tef ɗin kanti ne," na ce. "Ba a san inda aka ƙera shi ba."

"To a kai su asibiti. Ni dai ban taɓa ganin itace mai rage ƙiba ba."

Auta ba ta yi dariya ba. Idonta yana kan itace na goma, inda na jingina sandata ba tare da tunanin komai ba. Layin allinta yana sama da kan sandar da kusan taƙin hannu guda. Ta gani. Na ga ta gani.

"Baba, ara mini sandar in auna ta."

"A'a."

"Minti ɗaya kawai."

"Ƙasa ce ta taru a gindin. Damina ta kawo yashi."

Ta yi ƙasa da murya don kada Direba ya ji. "Ai a ƙasa ɗaya muka tsaya, ni da sandar."

Na ɗauke sandata na koma kan kututture. Ta gama sauran talatin ɗin, tana faɗi ina rubutawa. Cikin arba'in, talatin da bakwai sun rame.

Da yamma ta kawo mini rahoton a tsakar gida, ta durƙusa ta ajiye shi a kan tabarma da biro a kai. Shafi shida ne, rubutu tsaf, kowace lamba a gidanta. A shafin ƙarshe, sama da layin da zan sa hannu, ta rubuta cewa awon bana ya gaza na bara a yawancin itatuwa, kuma ana zaton an samu bambanci a tsayin da ake sa tef. Ana zato. An samu. Ko sunana babu, ko sanda. Amma duk wanda ya san gandun nan ya san hannu ɗaya ne ya cika wannan kundi tun kafin a haife ta.

"Ba zan sa hannu a wannan ba."

"Baba, in babu bayanin, cewa za su yi ban iya awo ba. Suna da kwafin kundinka."

"To ki koma ki sake."

"Ko sau goma na sake, abin da zan samu ke nan."

"Wata uku a daji, har kin fi Tsoho?"

Ta miƙe. Ta ɗauki rahotonta ta shige ɗaki, ta bar biron a kan tabarma.

Uwarta tela ce, keken ɗinkinta yana ɗan ɗakin da ke bakin ƙofa. Washegari na fito daga wanka na tarar da sandata kwance a kan teburin yanka, ta miƙa tef ɗinta a kai, ta danne bakin da almakashi.

"Wa ya ce ki taɓa mini kayan aiki?"

"Santimita ɗari da goma sha uku, Malam."

"Tef ɗin tela."

"Na tela ne. Da shi na auna rigar da ke jikinka, ban ga ta yi maka kaɗan ba." Ta naɗe tef ɗin a yatsunta. "Ni ma nawa yakan miƙe in ya tsufa. Na taɓa ɓata wa wata mata yadi shida kafin in gane. Ban mutu ba."

"Yadi daban, daji daban."

"Haka ne. Ita matar zagina ta yi ta tafi." Ta miƙo mini sandar. "Yarinyar nan ba ta ci komai ba tun jiya."

Na juya sandar na dubi gindinta, abin da rabona da yi na manta. Ya dandaƙe ya yi baƙi kamar kofaton tsohon jaki. Sai na tuna. Sau uku ko huɗu bakin ya tsage a kan duwatsu, na sa adda na datse wurin don kada tsagar ta hau sama. Kowane karo ɗan kaɗan, bai kai yatsa biyu ba. Sauran kuma hanya ce ta cinye, taku bayan taku. Kullum kan sandar nake kallo, domin can ne wurin tef. Ban taɓa tunanin cewa ta ƙasa take ƙarewa ba.

A wurin aiki ranar ban tsinana komai ba. Na zauna a rumfar yayyafa iri ina lissafi a bayan wata tsohuwar takarda. Santimita goma sha bakwai cikin shekara ashirin da biyu. Kowace shekara tef ɗina yana ɗan sauka zuwa inda itace ya fi kauri, kowace shekara ina rubuta girman da rabinsa na itace ne, rabinsa na sanda. Manya suka karanta suka ce dajin nan yana da saurin girma. Shekara uku da suka wuce aka sare yanki na bakwai bisa wannan lissafi. Na tuna wani mai injin yanka ya ce mini gumagumai sun yi sirara, kamar an yi gaggawa. Na ce masa ya yi aikin da aka kawo shi, mu muke da kundi.

Ba wanda na cuta da gangan. Amma yanki na bakwai ba ya tambayar niyya, kututture ne kawai a wurin.

Ranar Laraba na shiga wurin shugaban gandu, wanda muke kira Yallaɓai. Mutum ne mai sauƙin kai, ya girme ni a muƙami, na girme shi a shekaru, kuma bai taɓa ɗaga mini murya ba. Na ajiye sandar a kan teburinsa na faɗa masa komai. Ya saurara har na gama. Sannan ya tashi ya rufe ƙofa, ya kashe fanka, kamar ita ma tana da kunne.

"Wa ya sani?"

"Ni, da yarinyar, da uwarta."

"Direba fa?"

"Shi yana ganin abin dariya ne."

Ya zauna, ya cire tabarau yana murza ido. "Mai Sanda, shekara tara ina sa hannu a ƙarƙashin naka. Ka san abin da hedikwata take yi in ta ga kuskure? Ba gyara take fara nema ba, mai shi take nema. Wata mai zuwa za a tantance ma'aikatan da ba su da takarda. Ni na rubuta musu cewa kai ka fi masu digiri uku amfani. Yanzu in tafi in ce me?"

"Gaskiya, Yallaɓai."

"Gaskiya." Ya yi ɗan murmushi. "Za su zubar da awon shekara ashirin da biyu. Wataƙila su rufe filin. Kai kuma saura shekara biyu ka yi ritaya da mutuncinka, sai ka fita ta ƙofar baya. Yanki na bakwai zai tsiro saboda haka?"

Ya mayar da tabaraunsa, ya ci gaba.

"Ga abin da za a yi. Ta ɗauki na bara, ta ƙara biyu a nan, uku a can, yadda aka saba gani. Ka sa hannu. Ni da kaina zan buga wa shugaban kwamitin waya, abokin karatuna ne, in ce masa wannan yarinya 'yar gida ce. Kai kuma ka sare sabuwar sanda, baɗi mu fara gyarawa a hankali, kaɗan kaɗan, yadda ba mai lura. Ita ta samu karatu, kai ka samu sunanka, daji ya samu gyara. Wa aka cuta?"

Wallahi na nemi amsar a raina ban samu ba. Har yanzu in na zauna nakan ga hanyarsa tana da kyau ta kowace fuska, sai fuska ɗaya da ban iya faɗin sunanta ba.

Ya miƙo mini sandar. "Kuma wannan, ka bar ta a gida."

Kafin in tashi daga aiki na zauna da fensir na rubuta lambobi arba'in a wata takarda. Abin da ya ba ni tsoro shi ne yadda suka zo mini da sauƙi. Na san kowane itace. Na san lamba goma sha huɗu malalaci ne, sai na ba shi ɗaya. Na san ashirin da shida yana bakin rafi, na ba shi huɗu. Duk wanda ya duba zai rantse an auna.

Na tarar da Auta tana shanya kaya a igiya. Na kira ta, na ba ta takardar, na faɗa mata abin da Yallaɓai ya ce, har da maganar waya. Ta karanta tun daga ɗaya har arba'in, a tsaye, hannunta da danshi.

"Lamba ashirin da shida ɗari da sittin da ɗaya ne, Baba. Ka rubuta da bakwai."

"Na san abin da na rubuta."

"Da hannuna zan kwafe?"

"Kwafa kawai. Sau ɗaya. In kin shiga kwalejin, kin fito da takardarki, ki dawo ki gyara dajin gaba ɗaya, babu mai hana ki."

Ta sake duban takardar.

"Ke kina ganin ni maƙaryaci ne?" na ce. Ban yi niyyar tambaya ba, fitowa ta yi.

"A'a, Baba. Kai abin da ka gani ka rubuta." Ta ninke takardar biyu ta miƙo mini. "Ni ce in na rubuta wannan na zama."

"To ki zaɓa. Ko wannan, ko ki tura naki su kore ni kamar ɓarawon itace."

"Akwai na uku."

"Wane?"

"Ba zan tura ba."

Uwarta ta dakatar da keke.

"Kin san bana ne na ƙarshe," na ce.

"Na sani."

"Wata uku kina tashi da asuba. Ƙaya, cinnaku, kunama."

"Na ji daɗinsu." Ta ɗauki bokitinta. "Umma ta daɗe tana neman mai taya ta. Ba kowa ne zai zama jami'i ba."

Da ta yi kuka, ko ta yi mini rashin kunya, da na samu abin riƙewa. Ba ta yi ba. Ta ci gaba da shanya, tana matse kowace riga sosai kafin ta rataya. Uwarta ta dube ni ta ƙofar ɗakin ɗinki, ta ce, "Malam, abincinka yana rufe," ta koma kan kekenta.

Ranar Alhamis da zan fita na gan su tare. Auta tana kan kujerar keke, uwarta a tsaye tana nuna mata yadda ake zura zare. Rahoton yana saman kabad, ƙarƙashin gwangwanin maɓallai.

"A dawo lafiya, Baba," ta ce, ba ta ɗago ba.

Na tafi ba sanda. Hannuna na dama ya rasa inda zai sa kansa, sai lilo yake yi. A ofis kowa ya tambaya.

"Ina amaryar?" in ji Direba. "Ko ta yi yaji?"

"Tana hutu."

"Shekara ashirin ba hutu, ai dole. To yanzu me za mu riƙa ce maka? Mai Hannu?"

Na zauna a benci a ɗakin akawu, wai ina jiran takardar man fetur. Jakar hedikwata tana buɗe a kan tebur, koren buhu mai zip. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wani ma'aikaci daga gandun gabas ya shigo da rahoton ƙanensa, wanda shi ma yake neman kwalejin. Akawu ya rubuta a rajista, ya buga hatimi, ya jefa a jaka. Mutumin ya ce mini, "Na ji taka ma tana nema. Sai su haɗu a can."

"In Allah ya so," na ce.

Akawu ya dubi rajistarsa. "Mai Sanda, nata bai shigo ba fa. Biyu daidai nake rufewa."

Yallaɓai ya leƙo daga ƙofarsa, ya ɗaga mini gira. Na girgiza kai. Ya ɗauka cewa ba a gama kwafa ba ne, ya nuna mini agogon hannunsa ya koma.

Sha biyu ta yi. Na yi ta auna abin a raina kamar yadda nake yi tun Litinin. In na yi shiru, babu ƙarya ko ɗaya da za ta shiga jakar nan. Ba wanda zai rubuta abin da bai gani ba. Zan sare sabuwar sanda, in gyara a hankali, in yi ritaya. Duk abin da za a rasa shi ne wuri ɗaya a aji, kuma mai wurin da bakinta ta ce ta haƙura. Ban tilasta mata ba. Na maimaita wa kaina wannan sau da yawa, ban tilasta mata ba, kuma kowane karo sai in ga hannunta yana matse riga.

Sha biyu da rabi. Ɗaya saura kwata. Direba ya fara duba tayoyi.

Ƙarfe ɗaya da minti biyar na tashi na hau kekena. Daga ofis zuwa gida minti ashirin ne in mutum bai tsaya gaisuwa ba. Mutum biyu suka kira ni a hanya, ban waiga ba.

Na shiga ɗakin ɗinki ina haki, na ɗaga gwangwanin maɓallai. Auta ta miƙe.

"Baba, ina za ka kai shi?"

"Sa takalminki."

"Ba zan canja ko lamba ɗaya ba."

"Na ce ki canja? Akawu ba ya karɓa sai mai takarda ta sa hannu a rajista. Sa takalminki."

Ta dubi uwarta. Uwar ta ce, "Ke ma kin ji. Bar mini zaren, dama duk kin cukurkuɗa shi."

Na goya ta a bayan keke kamar lokacin da take firamare, sai dai yanzu ta yi nauyi, ni kuma gwiwa ta tsufa. A hawan da ke kusa da gada sai da ta sauka muka tura. Ba mu yi magana ba, sai sau ɗaya da ta ce, "Za su kore ka." Na ce, "Tura."

Biyu saura minti takwas muka shiga. Mota tana waje injin yana aiki. Akawu ya riga ya kama zip ɗin jaka. Na shimfiɗa rahoton a kan teburinsa, na buɗe shafin ƙarshe. Yallaɓai ya fito, ya tsaya a kafaɗata. Ya karanta lamba ɗaya, ya karanta lamba biyu, bai ƙara ba.

"Mai Sanda, zo ofis mu yi magana."

"Bayan mota ta tashi, Yallaɓai."

"Ka san ba kai kaɗai ba ne a cikin wannan."

"Na sani. Ka yi haƙuri."

"Ba zan buga wayar nan ba."

"Na sani."

Akawu ya sunkuyar da kai yana gyara hatimin da ba abin da ya same shi. Direba ya danna hon sau biyu.

Na sake karanta abin da ta rubuta. Ana zato. An samu bambanci. Kwamiti zai iya karanta wannan ya ce yarinya ce take neman inda za ta rataya kuskurenta. Na laluba aljihuna, babu biro, sai fensirin jiya.

"Auta, ba ni abin rubutu."

Ta miƙo mini biro. A ƙarƙashin rubutunta akwai fili kamar faɗin yatsa uku. Na matse haruffana don su shiga. Na rubuta cewa awon da ke cikin wannan rahoto daidai ne, an yi shi a gabana. Na rubuta cewa awon shekarun baya ni na yi shi, da sanda wadda ta gajarta da santimita goma sha bakwai ban sani ba, kuma kundin yana buƙatar a sake duba shi.

"Saura minti uku," in ji akawu a hankali.

Na ja takardar kusa, na sa hannu a kan layin.